Dokta Saul Hertz, Likitan Da Ya Mai Da Nukiliya Magani

An haifi marigayi Dokta Saul Hertz a birnin Cleveland na ƙasar Amurka cikin shekarar 1905. Ya sami digirin likita a Jami'ar Harvard a 1929, inda daga baya ya koyar. A 1931 aka danƙa masa sashen cututtukan maƙoƙo na Babban Asibitin Massachusetts.

Da ma an san ƙululun maƙogwaro, wato tayiroid, shi ne ke zuƙe sinadarin aidin a jiki. Saboda haka a 1936 Hertz ya yi tunanin in aka sa wa aidin ƙarfin nukiliya, majiyyaci ya sha, zai je ya ƙone ƙululun da aikinsa ya wuce kima, ba sai an yi fiɗa ba. Shi da masanin kimiyya Arthur Roberts suka gwada kan zomaye, sa'an nan a 1941 ya ba majiyyaciyar farko.

A 1943 ya shiga sojan ruwa saboda yaƙi. Da ya komo, sai ya tarar waɗansu abokan aikinsa suna shirin buga irin bincikensa da sunansu. Rahotannin biyu suka fito tare a 1946.

Ya rasu a 1950 yana da shekara 45. Har yau asibitocin duniya suna amfani da maganinsa.