TARIHIN RICHARD SHUTTLEWORTH, MAI RAYA TSOFAFFIN JIRAGEN SAMA

Yawancinmu in abu ya tsufa sai mu yar da shi mu nemi sabo. Amma a ƙasar Ingila an yi wani mutum wanda shi tsofaffin jiragen sama ya riƙa bi yana saye, yana gyarawa, har su sake tashi. Sunansa Richard Ormonde Shuttleworth. Ga ɗan taƙaitaccen tarihinsa domin 'yan'uwana ɗalibai.

An haife shi ran 16 ga watan Yuli, 1909, a Old Warden, wani ƙauye a gundumar Bedfordshire. Gidansu gidan arziki ne. Kakansa yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Clayton & Shuttleworth a birnin Lincoln, inda ake ƙera injunan sussukar hatsi da injuna masu aiki da tururi. Mahaifinsa, Kanar Frank Shuttleworth, ya rasu a 1913, Richard yana ƙaramin yaro. Saboda haka mahaifiyarsa Dorothy ita ta rene shi, kuma shi kaɗai ta haifa.

An sa shi makarantar Eton, wadda 'ya'yan manya ke shiga, daga baya ya yi aikin soja na ɗan lokaci. Amma tun yana yaro hankalinsa na wajen injuna. A 1928 ya sayi wata tsohuwar mota ƙirar Panhard Levassor ta 1898, ya shiga da ita jerin gwanon tsofaffin motoci da ake yi daga Landan zuwa Brighton. Daga nan ne sha'awar tara tsofaffin abubuwan hawa ta kama shi.

Da ya cika shekara 23, watau a 1932, sai dukiyar gado ta zo hannunsa. A wannan shekara ya sayi jirgin samansa na farko, wani ƙaramin jirgi mai fukafukai hawa biyu ƙirar de Havilland Moth, ya kuma gyara wani fili mai ciyawa a gonarsu ya zama wurin sauka da tashi. A 1933 ya tuƙa wani ɗan mitsitsin jirgi mai kujera ɗaya, Comper Swift, tun daga Ingila har Indiya don ya shiga tseren jiragen sama.

Ban da jirgin sama, Richard gwanin tseren mota ne. A 1935 shi ya ci babban tseren Donington na farko da mota ƙirar Alfa Romeo. Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. A watan Janairu na 1936 ya yi mummunan haɗari a wani tsere a garin East London na Afirka ta Kudu, ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Da ya warke bai koma tsere ba, sai ya mai da hankali ga gyaran jiragensa.

A zamanin nan mutane ba su ɗauki tsohon jirgi a bakin kome ba. Jiragen farko da katako aka ƙera su, aka lulluɓe da yadi, aka ɗaure da wayoyi. In an bar su a ajiye sai katakon ya ruɓe, yadin ya yage, a ƙarshe a ƙone su. Richard ya ga in aka ci gaba da haka, na baya ba za su taɓa ganin yadda aka fara tashi sama ba. A 1935 ya samo jirage biyu, Blériot na 1909 da Deperdussin na 1910. Irin Blériot ɗin nan ne Bafaranshe Louis Blériot ya ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da shi a 1909. Richard da makanikansa suka kwance su, suka sake abin da ya lalace, suka ta da injunan, har jiragen suka sake barin ƙasa. Haka kuma ya samo ragowar wani jirgin Blackburn na 1912 a wata gona, amma sai bayan mutuwarsa aka gama gyaransa.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu tara kayan tarihi shi ne bai yarda a ajiye jirgi a ɗaki ana kallo kawai ba. A ganinsa jirgi don tashi aka yi shi, kuma ba za a san amfaninsa ba sai an ji ƙarar injinsa, an gan shi a sama.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai ya shiga rundunar mayaƙan sama ta Ingila. Da asubahin 2 ga watan Agusta, 1940, yana cikin koyon tuƙin dare da jirgi ƙirar Fairey Battle daga sansanin Benson, jirgin ya daki wani tudu, ya mutu nan take. Shekararsa 31 da haihuwa, bai yi aure ba, bai bar ɗa ba.

Da a ce mahaifiyarsa ta sayar da kayan, da shi ke nan tarihin ya ƙare. Amma ba ta yi haka ba. A 1944 ta kafa wata gidauniya da sunan ɗanta domin koyar da aikin gona da ilmin jirgin sama, abubuwa biyu da ya fi so. A 1946 aka buɗe kwalejin aikin gona a gidan, a 1963 kuma aka buɗe wa jama'a ƙofa su zo su ga jiragen. Ta rasu a 1968.

Yanzu a Old Warden akwai jiragen koyar da sojan sama da yawa, kamar su Avro 504K, da Avro Tutor, da Hawker Tomtit, da Tiger Moth, da Miles Magister. Jirgin koyo yakan zama da kujera biyu, ɗaya ta malami ɗaya ta ɗalibi, kowane da sandar tuƙi a gabansa, domin in ɗalibi ya yi kuskure malami ya karɓa. Wasunsu da hannu ake juya farfela kafin injin ya tashi. Na Avro 504K ma abin mamaki ne, domin injin ɗungurungum yake juyawa tare da farfela, kuma da man zurma ake yi masa bakin mai. Shi kuwa Blériot na 1909, shi ne jirgi mafi tsufa a duniya da har yanzu yake iya tashi, ko da yake sai iska ta kwanta ake fito da shi, ya ɗan ɗaga ya sauka.

To, 'yan'uwana ɗalibai, gaskiya ce Richard ya gaji dukiya, amma masu dukiya nawa aka yi a zamaninsa waɗanda yau ba wanda ya san sunansu? Abin da ya sa ake tunawa da shi shi ne ya ga darajar abin da kowa ya rena, ya kuma sa hannu ya gyara. Wannan ya isa darasi gare mu, tun daga kan littattafan laburare har zuwa kayan aikin ɗakin sana'a.