Fakhrun Nisa'i Zaid: Gimbiyar da ta koma wa zane a kan ƙashin talo-talo



Kwanakin baya mun je Kurfi taya wata Hajiya haɗa kayan jeren 'yarta. Ana cikin fito da kaya daga wata tsohuwar adaka sai ga littafin zane ya faɗo, takardunsa duk sun yi ja saboda daɗewa. Na 'yanmatancinta ne, tun tana makarantar kwana. Muka buɗe, ga tulu, ga reshen darbejiya, ga dagi an ja shi da fensir tsaf kamar na'ura ce ta buga. Hajiya ta fizge abinta tana dariya, wai shirmen ƙuruciya ne, ta tura shi ƙarƙashin katifa. Amma na lura ba ta yarda an haɗa shi da tarkacen da za a ƙone ba. Har muka dawo Dutsin-Ma ina juya abin a raina, shi ya sa a wannan fitowa na ɗauko muku tarihin wata mata wadda ita ma sau biyu tana ajiye zane, sau biyu kuma tana komawa gare shi da girmanta.

Sunanta Fakhrun Nisa'i, wato abin alfaharin mata, Turkawa kuma suna rubuta shi Fahrelnissa. An haife ta a shekarar 1901 a wani tsibiri da ke kusa da birnin Istanbul, wanda iyayenmu ke kira Santambul. Gidansu babban gida ne a Daular Usmaniyya ta Turkawa, ba tamu ta Sakkwato ba. Mahaifinta Shakir Pasha babban soja ne kuma marubucin tarihi, baffanta Jawad Pasha kuwa ya riƙe muƙamin babban waziri na daular daga 1891 zuwa 1895. Sai dai girman gida bai hana ƙaddara shiga ba. Tana 'yar shekara goma sha kaɗan aka harbe mahaifinta, kuma wanta na ciki ɗaya ne kotu ta kama da laifin ta ɗaure shi. A cikin irin wannan gida yarinyar ta tashi tana zane, har aka sa ta a makarantar koyon zane ta mata zalla da ke Istanbul, tana cikin 'yanmatan farko-farko da suka shiga irinta a ƙasar.

A 1920, tana da shekara 19, aka yi mata aure da wani marubuci mai hali, Izzat Malih. Ta haifi 'ya'ya uku, na farin mai suna Faruk ya rasu yana ƙaramin yaro a 1924. Ba a ce ta watsar da zane ɗungurungum ba, domin a 1928 ta ɗan yi karatunsa a birnin Faris na Faransa, amma ya zama abin yi jefi-jefi, tsakanin goyo da baƙi da tafiye-tafiyen maigida. Auren bai ɗore ba. A 1934 ta auri Yarima Zaidu, autan Sharif Husaini na Makka, ƙanin Sarki Faisal na ɗaya na Iraƙi. Shekara ta zagayo aka naɗa shi jakadan Iraƙi a Jamus, a can ta haifi ɗansu Ra'ad a 1936. Matar jakada kuwa aikinta karɓar baƙi da shirya liyafa, yau ga wannan gobe ga wancan. Buroshi ya bushe a cikin akwati.

A 1938 aka kira mijin gida, suka koma Bagadaza. A nan ne ciwon damuwa ya kwantar da ita. Mace ce da ta saba da fita da ganin duniya, sai ga ta a gidan sarauta inda ba shiga ba fita, ga baƙunta, ga tsofaffin raunukan zuciya da ba su warke ba. 'Yar'uwa, bari in ɗan tsaya a nan. Irin wannan ciwo idan ya kama mace a garuruwanmu, musamman wadda ba ta rasa ci da sha ba, sai a ce iska ce, ko a ce rashin godiyar Allah ne, me ta nema ta rasa? Alhali ciwo ne kamar hawan jini, yana da likitocinsa, kuma ba ya duba ko matar sarki ce. Ita Fakhrun Nisa'i likita ta gani, shi ya ba da shawarar ta sauya wuri. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin Faris da Budafes da Istanbul tana jinya, kuma a wannan tsakanin ne ta sake ɗaukar buroshi, tana neman abin da zai riƙe mata hannu da tunani. Zanen bai kore ciwon har abada ba, domin ya riƙa dawo mata lokaci-lokaci, amma ya ba ta abin tashi dominsa da safe.

Wani abin da ya burge ni shi ne, zaman Bagadazan da ya ƙuntata mata bai tafi a banza ba. Ta ba da labarin yadda da asuba ta hango matan ƙauye ta taga suna sauri za su kasuwa, kowacce da tukwanen kindirmo jere a ka. Duk wadda ta san yadda Fulani mata ke shigowa Dutsin-Ma da sassafe da ƙoren nono ta san abin da idonta ya gani. Wannan hoto ya zauna mata a rai har ya fito a cikin zanenta daga baya.

Zuwa 1941, tana da shekara 40, ta zauna a Istanbul ta duƙufa. Ba ta jira wani ya ba ta zaure ba. A 1945 ta sa aka kwashe kujeru da gadaje da sauran kayan gidanta da ke unguwar Machka, ta rataye zane-zanenta a bango, ta buɗe ƙofa jama'a su zo kallo. Baje kolinta na farko ke nan ita kaɗai, tana da shekara 44, ɗanta Nijad ya riga ya zama saurayi shi ma yana zane. A 1946 aka tura maigidan Landan a matsayin jakadan Iraƙi, sai ga hidimar baƙi ta dawo sabuwa. A wannan karon ba ta mayar da buroshi akwati ba, ɗaki guda ta ware a gidan jakadancin ta mai da shi ɗakin zane.

A shekarun Landan da Faris ne salonta ya sauya. Ta bar kwaikwayon siffar abubuwa, ta koma zana layuka baƙaƙe masu ratsa juna, tana cike tsakaninsu da launi iri-iri, ja da rawaya da shuɗi, kamar an farfasa tangaran an sake jera shi. Ta ce shiga jirgin sama ne ya buɗe mata ido, da ta leƙo ta ga gonaki da garuruwa sun zama 'yan yanka-yanka. Wadda ta taɓa hawa dutsen garinmu da damina ta dubi gonakin gero da gyaɗa a ƙasa za ta gane nufinta. Masana kuma suna ganin tasirin adon masallatan Istanbul da ta tashi tana gani. Zanen nata manya ne ƙwarai, akwai wanda ta yi a 1951 da faɗinsa ya haura mita biyar. A 1954 ta yi baje koli a wata fitacciyar cibiyar zanen zamani a Landan.

Na san wata za ta ce, to ina batun zanen abu mai rai? Gaskiya ne ta zana fuskokin mutane, a farkon rayuwarta da kuma ƙarshenta, kuma ba komai na rayuwarta ta manyan Turai zan ce a ɗauka ba. Hukuncin wannan sai a koma ga malamai. Amma ayyukan da suka fi ɗaukaka sunanta babu mutum babu dabba a cikinsu, layi ne da launi, dangin zayyanar da alarammomi ke yi wa allo, da adon hular zanna, da zanen ƙwarya, da lallen da muke yi wa amare.

Sai shekarar 1958. Yarima Zaidu ya saba komawa Bagadaza da bazara ya riƙe wa Sarki Faisal na biyu, jikan wansa, ƙasa idan ya tafi hutu. A wannan shekarar uwargidan ta matsa masa ya haƙura, su tafi gidansu na hutu a wani tsibiri na Italiya. Ranar 14 ga Yuli sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe sarkin yana ɗan shekara 23, tare da kawunsa da matan gidan a harabar fada. Da Zaidu yana can, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru. Aka ba su sa'o'i 24 su fita daga gidan jakadancin Landan. Sarauta ta tafi, babu direba babu kuku, suka koma gidan haya. Zane ya sake tsayawa cak.

Kin san me? Sai da ta kai shekara 57 sannan ta fara dafa abinci da hannunta. Mu da aka saka mu tuƙin tuwo tun muna 'yan shekara goma abin zai ba mu dariya, amma ta wannan ƙofa ce zanen ya dawo. Wata rana bayan an gama cin talo-talo, ta tsaya tana duban ƙasusuwan da suka rage, siffarsu ta ɗauki hankalinta. Maimakon ta zubar, sai ta wanke, ta ɗauko tawada ta shiga yi musu zane. Daga ƙashin talo-talo ta koma na kaza, daga baya ta riƙa zuba su cikin wani irin ƙaro mai garai-garai kamar gilashi, idan ya daskare sai haske ya riƙa ratsa su. Da haka hannu ya sake sakewa, a shekarun 1960 ta koma manyan zane. Wanda ta yi a 1962 an sayar da shi a gwanjo a Dubai a 2013 kan kuɗi sama da dala miliyan 2.7.

Abin kamar a jinin gidan yake. Ƙanwarta Aliya ba ta kama sana'ar zane gadan-gadan ba sai bayan rasuwar mijinta a 1947, lokacin da ta bi yayarta Landan don ta rage zafin rashi. Shekara bakwai bayan haka ta zo ta ɗaya a wata babbar gasar zane a Istanbul.

Yarima Zaidu ya rasu a Faris a 1970. A 1975 Fakhrun Nisa'i ta tattara ta koma Amman, babban birnin Jodan, kusa da ɗanta Ra'ad da jikokinta. Tana da shekara 75 ta buɗe makarantar zane a cikin gidanta a 1976. Ɗalibanta mata ne, da yawansu matan aure masu 'ya'ya waɗanda ba su taɓa shiga makarantar zane ba. Ɗaya daga cikinsu, Suha Shoman, ita ce daga baya ta kafa cibiyar zane ta Darat al-Funun a Amman. Ta ci gaba da koyarwa da zane kusan shekara 15, har ta rasu ranar 5 ga Satumba, 1991, tana da shekara 90 ko kusa da haka, aka binne ta a maƙabartar gidan sarauta ta Amman inda mijinta yake. A 2017, shekara 26 bayan rasuwarta, gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya tattaro ayyukanta ya baje su, har da ƙasusuwan kajin.

Allah Ya jiƙanta Ya gafarta mata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.