Mary Follett: Matar Da Ta Ce Aiki Ne Ya Kamata Ya Ba Da Umurni

A cikin shekarar 1925 waɗansu manyan manajojin kamfanonin Amurka suka taru a birnin New York don su ji laccar wata dattijuwa wadda ba ta taɓa riƙe ko da ƙaramin kamfani ba. Sunanta Mary Parker Follett. Abin da ta zo ta gaya musu kuwa mai nauyi ne a kunnen mai muƙami, wato bai kamata wani mutum ya riƙa ba wani mutum umurni don kawai kujerarsa ta fi tsawo ba.

An haife ta ran 3 ga watan Satumba 1868 a garin Quincy, kusa da Boston. Mahaifinta ya rasu tun tana budurwa, uwarta kuma ba ta da ƙoshin lafiya, saboda haka hidimar gida ta faɗo kanta da wuri. Duk da haka ba ta bar karatu ba. A 1888 ta shiga sashen da aka keɓe wa mata a gefen Jami'ar Harvard, wanda daga baya aka sa wa suna Radcliffe, ta kuma yi shekara guda a Cambridge ta Ingila. Tun ba ta karɓi digiri ba, a 1896, ta wallafa littafi a kan Shugaban Majalisar Wakilan Amurka, inda ta bi diddigin yadda masu riƙe wannan kujera suka tara iko a hannunsu sannu a hankali. Har Theodore Roosevelt, wanda ya zama Shugaban Ƙasa daga baya, ya yaba littafin.

Daga 1900 ta koma aikin taimakon jama'a a Roxbury, wata unguwar talakawa da baƙin haure a Boston. Ta kafa wa samari ƙungiyoyin muhawara, ta kuma dage har hukuma ta yarda a riƙa buɗe makarantu da dare don mutanen unguwa su taru su yi shawarar al'amuransu. Sa'an nan aka sa ta cikin kwamitocin tsai da mafi ƙarancin albashi na Jihar Massachusetts. A nan ne ta zauna tebur ɗaya da masu masana'antu da wakilan ma'aikata, ta ga da idonta yadda gardama ke tashi da yadda ta ke mutuwa.

To, a zamanin nan ra'ayin wani injiniya, Frederick Taylor, shi ke tashe. A littafinsa na 1911 ya raba aiki gida biyu: tunani na manaja ne, lebura kuwa nasa ya yi abin da aka ce, ana auna shi da agogo. Follett ba ta ƙi tsari da awo ba. Abin da ta lura shi ne, babu baligin da ke son a tsaya a kansa ana yi masa tsawa, kuma wanda aka saba wa jiran umurni, ran da mai umurni ba ya nan sai ya naɗe hannu. Maganin da ta kawo shi ne heluma da lebura su dubi aikin da ke gabansu tare, su gano abin da halin da a ke ciki ya ke bukata, su biyun kuma su bi wannan. In haka ta samu, umurni ya fito daga aikin ke nan, ba wanda aka ci wa fuska.

Haka kuma ta ce iko yana bin sanin aiki ne, ba ya gangarowa daga sama kamar ruwan indararo. Ta ba da misali da akawun da ke tsara fitar kaya, ta ce a wannan fanni maganarsa ta fi ta shugaban kamfani ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ganin fayil ya yi wata guda yana hawa bene don neman sa hannun wanda bai san kan maganar ba, alhali akawun da ya sani yana zaune a ƙasa, zai gane inda ta dosa. Ta bambanta iko iri biyu, na danne mutane da na haɗa ƙarfi da su, ta ce na biyun shi ke ƙaruwa in an yi tarayya a cikinsa.

Labarinta da aka fi maimaitawa na taga ne. Wata rana a laburaren Harvard wani ya so a buɗe taga, ita kuwa tana so a bar ta a rufe. Da suka bincika, ashe shi iska ya ke so ta shigo, ita kuma ba ta so sanyi ya buge ta kai tsaye. Sai suka buɗe tagar ɗakin da ke kusa, wanda ba kowa a ciki. Ba wanda ya ci wani, ba kuma wanda ya rage bukatarsa. Ta ce rigimar ma'aikata da yawa haka ta ke in an tono abin da kowa ke nema a zahiri. A ganina a nan ta ɗan cika kyautata zato, gama in rigimar ta rabon kuɗi ce, sau da yawa ba wata taga a ɗakin kusa. Ita ma dai ta yarda ba kowace gardama ce ke warwaruwa ta wannan hanya ba.

Masu kamfanoni a Ingila sun saurare ta ƙwarai, musamman Seebohm Rowntree mai masana'antar cakulan a York, wanda ya gayyace ta tarurrukan manajoji a Oxford. Ta koma London da zama a ƙarshen rayuwarta, ta yi laccocinta na ƙarshe a Makarantar Tattalin Arziki ta London a farkon 1933. Ta rasu a Boston ran 18 ga Disamba na wannan shekara, tana da shekara 65.

Ta rasu ne ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, miliyoyi ba aiki, ba mai sauraron zancen raba iko da lebura. Abokanta biyu, Henry Metcalf da Lyndall Urwick, suka tara laccocinta cikin littafi guda a farkon shekarun 1940, amma a ƙasarta sunanta ya kusa ɓacewa. Sai a 1995 Makarantar Kasuwanci ta Harvard ta sake buga rubuce-rubucenta, tare da gabatarwar Peter Drucker, shekara 62 bayan rasuwarta.