Aurelio Espinosa da Sifaniyancin Niyu Meksiko

An haifi Aurelio Macedonio Espinosa a 1880 a kudancin jihar Kolorado ta Amurka, cikin al'ummar da ke magana da Sifaniyanci tun kafin Amurka ta karɓe yankin daga Meksiko a 1848. A zamaninsa, ana ɗaukar karin harshen mutanensa a matsayin gurɓataccen Sifaniyanci. Shi kuwa a kansa ya rubuta kundin digirin dokta a Jami'ar Shikago a 1909, inda ya bayyana tsarin furucinsa, da tsofaffin kalmomin da ya adana, da waɗanda ya aro daga Ingilishi.

A 1910 ya koma Jami'ar Stanford. A 1920 ya zagaya Sifaniya yana tattara tatsuniyoyi domin kwatanta su da na gida.

Sai dai ya fi karkata ga tushen Sifaniya. Masana irin su Américo Paredes sun soki wannan ra'ayi, domin ya rage wa gudummawar Meksiko da ƴan asalin ƙasar daraja. Ya rasu a 1958, amma har yau mai nazarin wannan kari daga aikinsa yake farawa.