Niels Bronnum: Likitan Danmak da ya kafa cocin Lutheran a Numan

Kogin Binuwai yana tasowa ne daga tsaunukan Adamawa a Kamaru, ya ratsa Garwa, ya tsallaka iyaka zuwa Yola, sannan ya haɗu da kogin Gongola a garin Numan. A nan Numan ɗin ne wani likita ɗan ƙasar Danmak mai suna Niels Bronnum ya sauka a watan Oktoban 1913, shi kaɗai, watanni kaɗan bayan ya binne matarsa a hanya. Aikin da ya fara shi ne ya zama cocin Lutheran na Najeriya, wato LCCN, mai mabiya fiye da miliyan biyu a yau.

An haifi Bronnum a shekarar 1882, ya yi karatun likita, ya kuma tashi a gidan mabiya ɗarikar Lutheran, wadda ta samo suna daga Martin Luther, malamin Jamus da ya yi saɓani da fadar Paparoma a 1517. A zamanin ƙuruciyar Bronnum, wani Bajamushe mai suna Karl Kumm yana zagaya Turai yana neman masu wa'azin da za su je yankin da ake kira Sudan, wato shimfiɗar ƙasar da ta tashi daga Afirka ta Yamma har kogin Nilu. Ƙungiyarsa ta Sudan United Mission ba ta ɓoye manufarta ba: so take ta riga Musulunci isa ga ƙabilun da ke bin addinin gargajiya. A 1911 aka kafa reshenta a Danmak, kuma Bronnum na cikin waɗanda aka fara turowa.

Su uku suka taso a farkon 1913: shi, da matarsa Margaret Young, da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Dagmar Rose. Sun ya da zango a Rumasha, a bakin Binuwai, domin koyon Hausa. A can Margaret ta haifi ɗa namiji, ta rasu jim kaɗan bayan haihuwar. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma da shi Turai. Bronnum kuwa bai juya ba, ya ci gaba da hawan kogi.

Zaɓen Numan yana da dalili. Turawan mulkin mallaka na Ingila sun taƙaita wa masu mishan shiga masarautun Musulmi, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Ƙasar Bachama kuwa tana da sarkinta, Hama Bachama, kuma mutanenta ba su miƙa wuya ga Lamidon Adamawa ba. Bronnum ya fara da abin da ya iya, wato duba marasa lafiya, sannan makaranta ta biyo baya. Yaran da suka koyi karatu a wurin su ne suka zama malamai da masu wa'azi a ƙauyukan da babu Baturen da ya taɓa kwana a cikinsu.

Da aikin ya bazu zuwa ga Mbula da Longuda da Chamba da Kilba da sauran ƙabilu, sai aka buƙaci harshen da kowa zai ji. Hausa ce ta ɗauki wannan nauyi, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Har yau da Hausa ake wa'azi da waƙoƙi a majami'u da yawa na wannan coci, ko da yake akasarin mabiyansa ba Hausawa ba ne.

A 1948 aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa. A tsakiyar shekarun 1950 cocin ya tsaya da ƙafafunsa, a 1960 kuma Akila Todi ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabance shi. Bronnum yana raye duk wannan ya faru, domin sai a 1966 ya rasu. Makarantar horar da fastocin cocin da ke Mbamba, kusa da Yola, sunansa take ɗauke da shi.

Yana raye kuma lokacin da cocin ya shiga Tarayyar Cocin Lutheran ta Duniya a 1961. An kafa tarayyar ne a birnin Lund na ƙasar Suwidin a 1947, hedkwatarta tana Jeniba, kuma ta ƙunshi coci kimanin 150 a ƙasashe 99, masu mabiya fiye da miliyan 77. Ba ta da wani shugaba mai iko irin na Paparoma. Kowane coci yana tafiyar da harkokinsa, amma sun amince da fastocin juna, suna cin jibin Ubangiji tare, kuma suna iya tsawata wa juna. A taron Budapest na 1984 an dakatar da coci biyu na fararen fata daga kudancin Afirka saboda wariyar launin fata.

A Kamaru ma labarin ya yi kama da haka. Masu mishan daga Amurka sun iso Adamawa a 1923, na Norwe suka sauka Ngawundare a 1925, daga nan aka samu cocin EELC, wanda shi ma memba ne a tarayyar. Sashen agajin tarayyar yana aiki a sansanin Minawawo da ke arewa mai nisa, inda 'yan Najeriya da suka tsere wa Boko Haram suke zaune, Musulmi da Kirista.

A watan Mayun 2017, a birnin Windhoek na Namibiya, aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na cocin Numan a matsayin shugaban tarayyar baki ɗaya. Shi ne ɗan Afirka na biyu da ya riƙe muƙamin, bayan Josiah Kibira na Tanzaniya. Da wa'adinsa ya cika a 2023, wanda ya gaje shi bishop ne daga Danmak, Henrik Stubkjaer, ɗan ƙasar Bronnum.

Hausawan New Bell da Ndokoti, waɗanda galibinsu Musulmi ne, sun san yadda zaman tsiraru yake, sun kuma san amfanin 'yan uwa na nesa ranar da abu ya taso. Maƙwabcinsu Kirista da ya gangaro Duwala daga Ngawundare ko Numan yana da irin wannan zumunci, wanda ya kai har Jeniba, kuma sau da yawa da Hausa za su gaisa da shi a kasuwa.