Ladi Kwali, Gwanar Ginin Tukwane

An haifi Ladi a Kwali, ƙasar Gwari, wajen 1925. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane, ba ta kuwa yi wa aikin gaggawa. Takan murza yumɓu kamar igiya, ta ɗora bisa juna, tana kewaya tulun tana shafe shi, sa'an nan ta zana masa kunama da kada da hawainiya. Bature Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A 1954 ta shiga makarantarsa, ita ce mace ta farko. Can ta koyi aiki da na'ura, amma ba ta yar da ginin hannu ba, shi ne kuwa ya kai sunanta Ingila da Amurka. Ta rasu a Minna a 1984.