Muhammadu Al-Katsinawi: Malamin Murabba'i da Lambobi

Gabatarwa

A tsakaninmu ɗaliban harshe akwai wata magana da muka saba yi cikin raha, wai mun gudo sashen Hausa ne don mu tsira daga lissafi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa fannin siffofi, wato sanin murabba'i da da'ira da alwatika da makamantansu, baƙon ilimi ne da ya shigo ƙasarmu tare da boko. Wannan maƙala za ta kawo taƙaitaccen tarihin wani malami ɗan ƙasar Katsina da ya koyar da ilimin murabba'i da lambobi a Masar, kusan shekara ɗari da saba'in kafin Turawa su ci ƙasar Hausa a 1903. Wannan malami shi ne Muhammadu bn Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda littattafan Larabci ke rubuta sunansa da al-Kashnawi. Zan yi bayanin asalinsa da karatunsa da rubuce-rubucensa da rasuwarsa, sannan in dubi abin da mai koyar da yara siffofi a yau zai iya tsinta daga aikinsa.

Asalinsa da Neman Iliminsa

Kamar yadda sunansa ya nuna, Malam Muhammadu Bafillace ne na ƙasar Katsina, kuma cikin laƙabobinsa akwai wanda ke danganta shi da garin Ɗan Ranko. Ya tashi a lokacin da Katsina ta yi fice a kasuwanci da malanta. Ayarin fatake na ƙetare Sahara suna sauka a birnin da kaya da littattafai, ga kuma tasirin manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, a cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Shi ne ya lissafo malaman da Katsinawi ya yi karatu a gabansu tun yana ƙasar Sudan ta Tsakiya. Daga cikinsu akwai Muhammadu al-Wali na Bagarmi, a kudu maso gabashin Tafkin Chadi, malamin da ya shahara a fannin tauhidi. Akwai kuma Malam Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ya ɗauki ilimin hisabi da sanin lokuta da ilimin haruffa da na aufaƙi. A nan ya kamata mu lura da abu guda, wato cewa bai tafi Masar don ya koyo wannan fanni ba. A gida ya koye shi, ya tafi da shi can ya koyar.

Tafiyarsa Hajji da Zamansa a Masar

A wajajen 1730 ya yi aikin Hajji, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci, inda ya fara rubuta ɗaya daga cikin manyan littattafansa. Daga nan ya wuce Alƙahira, ya sauka a wata unguwa kusa da masallacin Azhar. A can ne ya haɗu da Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin da na ambata. Shaihu Hasan ba ƙaramin malami ba ne, domin ya yi suna a fiƙihu da ilimin taurari da na awo da ma'auni. Duk da haka ya zauna gaban wannan baƙo daga Katsina ya karanci littattafan aufaƙi. Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi, to a nan ma matsayi bai hana ba. Zumunci ya yi ƙarfi a tsakaninsu har Katsinawi ya ƙare rayuwarsa a gidan ɗalibin nasa.

Rubuce-rubucensa

Littattafansa da aka fi sani sun haɗa da Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta a 1732 a kan ilimin haruffa da aufaƙi, da Durrul Manzum, wanda ya fara a Makka ya kammala a Alƙahira a shekara ta 1146 bayan Hijira. Yana da wata waƙa a fannin manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus tare da sharhinta, sannan yana da Bulugul Arab a kan nahawun Larabci. Wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, domin ya nuna cewa mutumin da ake yi wa kirari da lissafi masanin harshe ne kamar yadda muke fatar zama.

Ba zan ɓoye ba, wani sashe na rubuce-rubucensa ya shafi taurari da ɗalasimai, kuma malaman Musulunci sun daɗe suna saɓani a kan halaccin wannan fanni. Ibn Khaldun ma ya soki ilimin haruffa a cikin Muƙaddimarsa. Wannan muhawara ta malaman addini ce. Abin da ya dame ni a nan shi ne lissafin da ke ƙarƙashin aikin, wanda kowa zai iya gwadawa da alƙalami da takarda ya ga gaskiyarsa.

Mene ne Wafaƙi?

Wafaƙi, wanda jam'insa shi ne aufaƙi, shi ne abin da Bahaushe ya fi sani da hatimi. Murabba'i ne ake zanawa, a rarraba shi zuwa ƙananan gidaje masu girma ɗaya, a zuba lambobi a ciki ta yadda duk layin da aka tara zai ba da jimla ɗaya, ko a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara, wanda malaman zaure ke dangantawa da Imam Gazali:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Duk inda mai karatu ya bi zai sami 15. Dalili kuwa shi ne idan aka tara lambobi daga 1 zuwa 9 za a sami 45, idan aka raba wa layuka uku kowanne zai tashi da 15. Me ya sa 5 ta zauna a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya: na kwance da na tsaye da guda biyu na kusurwa. Jimlarsu 60 ce. Waɗannan layuka sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Idan aka cire 45 daga 60 saura 15, wadda ita ce lambar tsakiya sau uku. Ke nan dole ta zama 5. Haka kuma duk lambobi biyu da ke fuskantar juna ta gidan tsakiya jimlarsu 10 ce.

Katsinawi ya yi bayanin hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai masu gidaje mara, wato uku-uku da biyar-biyar da bakwai-bakwai. A mai biyar-biyar jimlar kowane layi 65 ce, a mai bakwai-bakwai kuma 175. Ya kuma gargaɗi ɗalibi da kada ya karaya idan aikin ya cije, ya kwatanta mai neman wannan ilimi da mai neman masoyi, wanda ba ya samun biyan buƙata sai da naci. Akwai kwafin rubutun hannu na wannan aiki a ɗakin karatu na SOAS da ke Landan, kuma Claudia Zaslavsky ta gabatar da shi ga masu karatun Ingilishi a littafinta Africa Counts na 1973. Kafin ita, Hassan Gwarzo ya yi nazari a kan lissafin haruffa na Katsinawi a 1967.

Darasi ga Mai Koyar da Siffofi

A ganina, hatimi mai gida tara ya ƙunshi kusan duk abin da ake son yaro ya sani game da murabba'i. Yaron da ya zana shi da hannunsa zai gane cewa gefuna huɗun dole su yi tsawo ɗaya, in ba haka ba gidajen ba za su daidaita ba. Zai ga kusurwoyi huɗu miƙaƙƙu. Zai ga layuka biyu da ke tashi daga kusurwa zuwa kusurwa sun haɗu a tsakiya daidai, kuma kowanne ya raba murabba'in zuwa alwatika biyu masu kama ɗaya. Idan ya ƙirga gidajen ya sami uku sau uku, ya fahimci yadda ake auna faɗin fili ba tare da an ba shi hadda ba. Idan ya juya takardar sau huɗu, ya kuma kifa ta, zai sami fuskoki takwas na hatimi guda, kuma wannan shi ne adadin hanyoyin da murabba'i ke iya komawa kan kansa.

Ni da na tashi a Potiskum cikin Bolewa, na san cewa yaro a can yakan shiga aji da Bolanci ko Ngizimanci ko Karekare a bakinsa, ga Hausar da ta haɗa kowa a kasuwa, sannan a tarbe shi da sunayen siffofi cikin Ingilishi ya haddace. Alhali kuwa siffofin suna kewaye da shi. Faifai da bakin rijiya da'ira ne. Ƙofa da tabarma mustaɗili ne. Gidajen dara, shida a tsawo biyar a faɗi, sun ba da talatin. Askar da ke jikin babbar riga alwatika ce doguwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ke kewaye da shi, amma hakan ba ya yiwuwa sai da kalmomi tsayayyu, kuma samar da su aikin masu nazarin harshe ne.

Ga misalin irin tarkon da ke jiran mu. Murabba'i da da'ira da mustaɗili duk aro ne daga Larabci, haka ma hatimi. A ilimin handasa, kalmar musallasi na nufin siffa mai gefe uku. Amma a bakin masu aufaƙi, musallasi shi ne murabba'i mai gida uku-uku, muhammasi kuma mai biyar-biyar. Mai fassara littafin lissafi da bai san wannan bambanci ba zai iya mai da murabba'i alwatika. Su ma Larabawa sai da suka yi irin wannan aiki na tantance kalmomi lokacin da aka fassara littafin Uƙlidis a Bagadaza a zamanin Haruna Rashid. Shi Uƙlidis ya koyar ne a Iskandariyya ta Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da Girkanci ya yi rubutunsa.

Rasuwarsa

Malam Muhammadu ya rasu a Alƙahira a 1741, daidai da 1154 bayan Hijira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Bustanul Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Wannan ya faru shekara goma sha uku kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Abdurrahman, wanda ya adana mana labarinsa, ba su yi zamani ba, domin an haife shi sama da shekara goma bayan rasuwar malamin. A gidan mahaifinsa ya tarar da labarin.

Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda wani malami ya yi karatu a ƙasar Katsina da maƙwabtanta, ya haɗa nahawu da manɗiƙi da lissafi, ya kuma koyar da manyan malaman Masar. Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne mu shiga makarantun zaure da wuraren maɗinka da magina da masaƙa mu tattaro sunayen da suke kiran siffofi da su, a Hausa da Bolanci da sauran harsunan Yobe, tun masu su na raye. Waɗanda za su fita koyarwa kuma su gwada hatimi mai gida tara a kan allo kafin su ba yara ma'anar murabba'i. Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.